Ba "Me Ke Damunka?" Ba, "Me Ya Same Ka?"

A daminar 2022 kogin Hadejia ya tumbatsa, ruwa ya ci gidaje da gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri, har da ƙauyukanmu na Malam Madori. Daren da ɗakin Innarmu ya rufta, ƙanena ɗan shekara 11 yana ciki. An zaro shi da rai, 'yar ƙwarzana ce kawai a gwiwarsa. Muka yi hamdala, muka ce magana ta ƙare. Ashe da sauranta.

Ruwa ya janye, an sake gini, amma yaro ya canza. Hadari na haɗowa sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ya ƙi kwana a ɗaki, ya koma fitsarin kwance, karatunsa ya ja baya. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shagwaɓa. Ni kaina na sha daka masa tsawa: "Kai wai me ke damunka ne?" Wallahi yau kunyar wannan tambayar nake ji.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne karanta labarin aikin Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta yi digirin digirgir a Jami'ar Reading ta Ingila. Daga 2012 zuwa 2015 ta jagoranci shirin gwamnatin tarayya na magance tsattsauran ra'ayi a ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A 2016 ta kafa Gidauniyar Neem, wadda ke kula da waɗanda rikicin Boko Haram ya bari da tabo a zuciya. Maimakon a jira mutane su zo asibiti, ƙwararrun gidauniyar kan shiga mota su je har garuruwan Borno, su kuma horar da 'yan gari yadda ake sauraron mai damuwa.

Irin wannan kulawa tana farawa ne da sauya tambaya. Ba a cewa "me ke damunka?", sai dai "me ya same ka?" Ta farko tana ɗora wa mutum laifi, ta biyu kuwa tana neman sanin abin da ya gani. Dalili kuwa, idan mutum ya tsallake rijiya da baya, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce. Ƙarar tsawa ko warin laka sun isa su mayar da shi wancan dare: zuciya ta buga, gumi ya karyo, barci ya ƙaurace. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Rauni ne da ido ba ya gani.

To, me ɗalibi zai iya yi? Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran taimakon farko ga wanda ya shiga ɗimuwa, kuma matakansa uku ne: duba, saurara, haɗa.

Na farko, duba. Yana cikin aminci? Ya ci abinci? Yana da wurin kwana? Mai jin yunwa ko tsoro ba ya jin nasiha.

Na biyu, saurara. Kada ka matsa masa da "ba ni labari, yaya aka yi?" Tilasta wa mutum maimaita abin da ya gani na iya fama masa ciwo. Ka bar masa zaɓi: in ya so ya yi magana, in ya so ya yi shiru kana kusa. Sannan ka riƙe sirrinsa, kada gobe a ji labarin a hostel ko a guruf ɗin WhatsApp na aji.

Na uku, haɗa shi da masu taimako: iyaye, malamin da ya yarda da shi, ma'aikacin lafiya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Idan alamun sun wuce wata guda, ko sun hana shi karatu da barci, a kai shi asibiti. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin mai jinya.

Ni dai na daina tsawa. Wani dare ana yayyafi na ɗauki tabarma na zauna kusa da ƙanena a zaure, ban tambaye shi komai ba. Can sai ya ce, "Yaya, in na rufe ido ƙasa nake ji a bakina." Ranar na san abin da ya same shi. Mun kai shi an duba shi, kuma daminar da ta wuce a ɗaki ya kwana, ƙofa a buɗe kamar yadda ya zaɓa.

A ajinku ma akwai wanda ambaliya, ko gobarar tankar Majiya ta 2024, ta taɓa gidansu. In ka ga ya yi shiru fiye da da, ka fara da zama kusa da shi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kare mu.