Darasi na 14: Lasifikar Kunne Marar Igiya da Wayar Hannu

Idan kun shiga kasuwar Kafanchan, ku kasa kunne ku ji yadda ake ciniki. Mai sayar da citta ya fito daga ƙasar Ham ko ta Bajju, mai saye kuma Bafulatani ne ko Bayarabe, mai tura baro ɗan Fantswam ne ko ɗan Atyap. Kowa da harshen gidansu, amma da an zo maganar kuɗi sai a koma Hausa. Garin ya saba da haka tun shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa masu zuwa daga Fatakwal da Kaduna da Jos. Ciniki ba ya ƙulluwa sai da harshen da mutane biyu suke ji tare.

Na'urori ma haka suke. A wannan darasi za ku karanta labarin ƙaramar lasifikar nan da ake maƙalawa a kunne, wadda 'yan kasuwa suke kira iyafis. Za ku ga dalilin da ya sa wani lokaci takan yi aiki da wannan waya, ta ƙi yi da waccan.

Kafin mu yi nisa, ku lura da kalmar "waya". A Hausa tana nufin siririn ƙarfen da wuta take bi ta cikinsa, tana kuma nufin na'urar da ake kira da ita. Idan aka ce "lasifika marar waya", mai koyo zai iya ruɗewa. Saboda haka a nan za mu ce "igiya" idan muna nufin abin da ke haɗa na'ura da na'ura, mu bar "waya" ga wayar hannu.

Harshen da suke ji tare

Lasifika marar igiya tana karɓar sauti ta iska, kamar yadda rediyo yake yi. Tsarin da take amfani da shi sunansa Bluetooth. An fara aikin ƙirƙiro shi a 1994 a kamfanin Ericsson da ke ƙasar Suwidin, kuma injiniya Jaap Haartsen yana cikin waɗanda suka yi fice a aikin. A 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka haɗa kai suka amince da ƙa'ida guda, domin kayan wani kamfani su riƙa fahimtar na wani. Sunan kuwa na wani sarki ne, Harald, wanda ya mulki Denmak a ƙarni na 10. Laƙabinsa yana nufin "mai shuɗin haƙori", kuma ana tunawa da shi domin ya haɗa kan mutanen ƙasarsa. Shuɗiyar alamar nan da kuke gani a fuskar waya haruffa biyu ne na sunansa, a tsohon rubutun mutanen yankin.

Bluetooth ba ya cin dogon zango. Yawanci iyakarsa kamar mita 10 ce, kuma bango yana rage masa ƙarfi. Jikin mutum ma yana tare shi, shi ya sa sauti kan riƙa yankewa idan waya tana aljihun baya. Yana aiki a zangon gigahaz 2.4, inda ya raba hanyarsa gida 79, yana tsalle daga wannan gida zuwa wancan har sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Wannan tsalle-tsalle ne ya sa mutum ashirin za su zauna a tashar mota, kowa da lasifikarsa, ba tare da waƙar wani ta faɗa kunnen wani ba.

Me ya sa ba kullum suke dacewa ba?

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Suna zaton tun da waya tana da Bluetooth, lasifika ma tana da shi, to magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mutum zai iya jin Hausar gaisuwa da ta cefane, amma ya kasa bin labaran rediyo. Bluetooth ma yana da sassa, kowane da aikinsa, kuma ba kowace na'ura ce ta san duka ba.

Sashen da ake kira HFP na kiran waya ne. Murya ɗaya yake ɗauka, ta hanya ɗaya. Sashen A2DP shi ne na kiɗa da bidiyo, kuma shi ne yake kawo sitiriyo, wato sauti mai hanya biyu: abin da kunnen dama yake ji ya ɗan bambanta da na hagu, har ka ji kamar makaɗan suna tsaye a gabanka, mai kalangu a gefe, mai algaita a gefe. Akwai kuma AVRCP, wanda yake ba maɓallan lasifika damar tsayar da waƙa ko wucewa zuwa ta gaba. Wasu tsofaffin wayoyi masu maɓalli sashen kira kawai suka sani. Idan kun haɗa irinsu da lasifika mai tsada, za ku amsa kira lafiya lau, amma da kun kunna waƙa sai ta fito ta bakin waya, jama'a duka su ji. Lasifikar ba ta lalace ba, wayar ce ba ta san wannan sashe ba.

Ko da sabuwar waya ce, za ku lura cewa sauti yakan dushe idan kira ya shigo. Dalili shi ne na'urorin sun bar sashen kiɗa sun koma na kira, domin makirfo ya sami hanya.

A jikin kwali za ku ga lambobi kamar 4.2 ko 5.0 ko 5.3. Kada su firgita ku. Sabon Bluetooth yana jin tsoho, kamar yadda jika yake jin maganar kakarsa. Za su yi aiki tare gwargwadon abin da tsohon ya iya. Haka nan sunaye irin su SBC da AAC da aptX da LDAC hanyoyi ne na matse sauti kafin a aika shi. SBC kowace na'ura mai sitiriyo ta san shi. Sauran kuwa sai waya da lasifika duka sun san su kafin su yi amfani. Biyan ƙarin kuɗi domin LDAC alhali wayarku ba ta san shi ba, kamar sayen sirdi ne babu doki.

Maganar rediyo

Ga wani abu da ba a cika rubutawa a kwali ba, kuma a ganina ya fi duk waɗancan lambobi muhimmanci ga mai koyon harshe. Wayoyi da yawa a ƙasarmu, irin su Tecno da itel da Infinix, suna da rediyon FM a cikinsu, wanda ba ya cin kuɗin data. Amma rediyo yana bukatar eriya, kuma a yawancin wayoyi igiyar lasifika ce take zama eriyar. Idan babu igiya, babu eriya. Ɗalibin da ya saba sauraron tashar Rockside FM ta Kafanchan da tsohuwar lasifikarsa zai iya sayen sabuwa marar igiya, ya buɗe rediyo, waya ta ce masa ya sanya iyafis tukuna. Akwai wayoyin da aka gina musu eriya a ciki, musamman ƙanana masu maɓalli, amma ba duka ba ne.

Wannan ya shafe ku kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Kalmar "gari" a takarda ɗaya ce, amma a baki garin da ake zama daban yake da garin da ake tuwo da shi. Kunne ne kaɗai zai koya muku bambancin, kuma sauraron labarai da hira a rediyo yana cikin hanyoyi mafi sauƙi. Don haka kada ku jefar da tsohuwar lasifikarku mai igiya. Ba ta bukatar caji, kuma ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu za ku san darajarta, domin batirin ƙananan lasifiku marasa igiya sa'o'i kaɗan yake yi. Sai dai ku duba ko wayarku tana da ramin sanya igiya. Kamfanin Apple ya cire shi daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu a manyan wayoyinsu.

A gaban mai shago

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne yake korar gani. Kwali mai ƙyalli ba shaida ba ne, kuma jabun kaya suna da yawa. Ku tafi da wayarku, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku gaida mai shago, sa'an nan ku ce, "Don Allah, Malam, zan iya gwadawa da wayata?" Ku kunna Bluetooth, ku danna maɓallin lasifika har fitilarta ta fara ƙiftawa, ku zaɓi sunanta a fuskar waya. Idan an nemi lambar sirri, tsofaffin na'urori sukan karɓi 0000. Ku saurari waƙa da kunne biyu, ku kira wani ku tambaye shi ko yana jin ku sosai, ku buɗe bidiyo ku ga ko magana tana tafiya tare da motsin baki. Ku duba bakin cajin ma, ko ya yi daidai da cazar da kuke da ita a gida.

Idan kun koma gida ta ƙi haɗuwa, kada ku yi saurin zargin mai shago. Sau da yawa lasifika takan koma wa wayar da ta sani a baya, wataƙila ta yayanku da ya ara jiya. Ku ce ya kashe Bluetooth ɗinsa, ku sake gwadawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma tana ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100. Wanda yake tafiya a bakin titin Kagoro kuwa, inda motoci da 'yan acaɓa suke wucewa, ya bar kunne ɗaya a buɗe.

Nahawu: mai, marar, masu, marasa

"Mai" yana nuna abu yana da wani abu, "marar" yana nuna ba shi da shi: lasifika mai igiya, lasifika marar igiya. A jam'i sai a ce "masu" da "marasa": wayoyi masu rediyo, wayoyi marasa rediyo.

Tambayoyi

1. Waɗanne ma'anoni biyu kalmar "waya" take da su? Ku sanya kowace a jimla.
2. Me ya sa wata waya takan amsa kira ta lasifika, amma ta ƙi aika mata waƙa?
3. Wane aiki igiya take yi wa rediyon waya?
4. Ku bayyana ma'anar "cinikin biri a sama" da kalmominku.
5. Ku zauna bibiyu, ɗaya mai shago, ɗaya mai saye. Ku yi cinikin lasifika da Hausa, daga gaisuwa har zuwa biyan kuɗi.