Kafin Ku Kama Hanyar Gadabeji

Ɗana, na samu labarin shawarar da kuka yanke kai da abokanka na Agye da Gazawa, cewa da zarar gero ya shiga rumbu za ku haɗa kuɗin mota ku tafi kallon namun daji, har ku kwana a can. Na ji daɗi ƙwarai. Samari da yawa in an gama girbi hankalinsu Kano yake komawa, ko Agadas, ko Libiya, ku kuwa kun ce ƙasarku kuke son gani. Allah ya yi muku albarka. Amma tun da na riga ku ganin duniya, ku ara mini kunnuwanku kaɗan.

Kada ku sa dajin Baban Rafi a lissafi. Na san shi ne kusa, na kuma san iyayenku sun sha ba ku labarin giwayen da kan tsallako daga Najeriya su shiga dajin. Wannan zamani ya wuce. Tun 2019, da ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara kwararowa ƙauyukanmu na Gidan Rumji, babu wanda bai san irin mutanen da ke kwana a dazukan bakin iyaka ba. Gandun W na can yamma, wanda aka kafa a 1954, shi ma rashin tsaro ya raba shi da baƙi. Arewa za ku fuskanta, ku bi ta Kornaka zuwa Dakwaro, daga nan ku nufi Gadabeji da ke ƙasar Barmo, a cikin jiharmu ta Maraɗi.

Can ɗin ma ba a shiga da ka. Ku fara zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji, ku sanar da jandarma, ku nemi mai yi muku jagora. Idan suka ce ku dakata, ku dakata, ko da kun riga kun biya kuɗin motar kat-kat. A ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe mutum takwas a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai: Faransawa shida da ƴan ƙasarmu biyu, direba da mai jagora. Ban faɗa don in karya muku gwiwa ba. So nake ku je lafiya ku dawo lafiya.

Ya kamata ku san gidan wa za ku. An keɓe Gadabeji tun 1955, ƙasa ba ta kai ga samun ƴanci ba, faɗinsa hekta 76,000. A lokacin akwai mariri a wurin, da jimina, da raƙumin dawa. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙone ciyawa, bindiga da mota suka ƙarasa abin da fari ya rage. Mariri ya ƙare ƙaƙaf a dajin. Raƙumin dawa irin namu na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, wanda a da yake yawo daga Sanagal har tafkin Cadi, sai da ya koma bai wuce guda hamsin ba a tsakiyar shekarun 1990, dukansu a yankin Kure, a cikin gonakin Zabarmawa. Manoman can suka haƙura da shi yana ci musu wake, hukuma ta hana taɓa shi, a hankali ya haura ɗari shida. A 2017 hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da duniya ke kulawa da halittunsu. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure a cikin manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a Gadabeji bayan kusan shekara hamsin babu ko ɗaya. A 2022 aka ƙaro huɗu. Sun zauna, har sun fara haihuwa.

Ku ƴan Agye ba baƙin wannan aiki ba ne. Kun ga yadda iyayenku a Ɗan Saga da kewaye suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tsiro biyu ko uku suna yi masa aski shekara da shekaru, har gawo da kalgo suka sake rufe gonakin da suka zama fako. To, dabbobin Gadabeji irin wannan tsiron ne. Ba su yi ƙarfin da za a yi wasa da su ba tukuna.

Saboda haka kada ku tafi da tunanin abin da kuke gani a talabijin, zaki na bin ɓauna. Babu wannan a can. Abin da ke akwai tuddan rairayi ne, da ciyawa ruwan zinariya, da aduwa da farar ƙaya jefi-jefi, da barewa, da dila, da jan biri, da tuje, da ungulu. Kuma ba sa jiran kowa. Mai son ganinsu da asuba yake tashi, ya yi salla, ya bi bayan mai jagora bakinsa a rufe. Ku duba ƙasa kafin ku duba nesa: rairayin safiya yana riƙe da sawun duk abin da ya gitta cikin dare, ɗan kofaton barewa mai tsini, da jan cikin ƙadangare, da faffaɗan sawun raƙumin dawa a tsage biyu. Idan Allah ya haɗa ku da shi, ku kashe mota, ku tsaya daga nesa. Zai ɗago ya zuba muku ido, kunnuwansa a miƙe. In ya ga ba ku matso ba, sai ya koma cin abincinsa, ya zuro harshen nan nasa baƙi mai tsawon kusan kamu ɗaya, ya naɗo ganye daga tsakanin ƙaya ba tare da ya soke ba. Mace wata goma sha biyar take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda. Wanda ya kore ta da mota don hoton waya ya yi kyau, bai san abin da ya taɓa ba.

Ku tafi cikin hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara. Da rana za ku yi gumi, da dare kuwa ɗarin arewa sai ya shiga ƙashi, don haka kowa ya ɗauki bargo mai kauri da rawani. Ruwan sha ku yi guzurinsa fiye da yadda kuke zato. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, kunama na son ɗumi.

Wuta ita ce abin da ya fi damuna. Na san ba za ku kwana babu shayi ba, ban kuma hana ku ba. Amma ku tafi da gawayinku daga gida, kada ku sari icen gandu. Ku share fili mai faɗi har ku tarar da rairayi tsantsa, ku haƙa ɗan rami, a ciki za ku hura. In kun gama ku zuba ruwa, ku binne, sannan ɗayanku ya ɗora tafin hannunsa a wurin ya tabbatar ya huce. A wannan lokaci ciyawa ta bushe ƙayau, iska kuma ba ta kwanciya. Garwashi ɗaya ko guntun taba ya isa ya cinye abincin shanu da raƙuma na rani guda, wutar kuma ta yi ta tafiya har inda ido ba ya kaiwa. Leda ma ku tattara ku dawo da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga abin da ake fitarwa daga tumbin akuya.

Ga kuma mutanen wurin. Gadabeji na arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ƙasar makiyaya ce, Fulani Bororo da Buzaye. Mu manoma mun saba ganinsu baƙi idan sun gangaro mana da kaka, wani lokaci har a yi ta cacar baki a kan kara da burtali. A can ku ne baƙi. Idan kun isa rijiya kun tarar ana shayar da dabbobi, ku yi sallama, ku tambayi lafiyar bisashe da ta iyali, ku jira a ba ku guga, domin kowace rijiya da mai ita, kuma da wahala ake jawo ruwan. Kada ku ɗaga waya a fuskar matar wani ko ɗansa ba ku nemi izini ba. Ku riƙe sukari da ganyen shayi na kyauta. In an miƙo muku nono ku karɓa da hannu biyu. Su ne suke ganin mafarauci kafin ma'aikaci ya gan shi, su ne kuma za su ce muku jiya da la'asar raƙuman suna kwarin can.

A hanyar dawowa mai yiwuwa wani ya tare ku da ɗan barewa ɗaure da igiya, ko ƙwan tuje, ko kilishin naman daji, ya ce ku taya. Tausayin ɗan dabbar zai kama ku, har ku ce gara ku saya ku kula da shi a gida. Kada ku saya. Sau da yawa sai an kashe uwar ake samun ɗan, kuɗinku kuma shi zai mayar da mutumin daji gobe. Ku wuce abinku, idan kun isa Dakwaro ku shaida wa ma'aikatan gandun daji inda kuka gan shi.