Idan Kwamfuta Ta Maƙale Ana Saka Mata Windows

Kwamfuta ba ta aiki sai da babbar manhaja a cikinta. Ita ce ke haɗa allo da madannai da firinta su yi aiki tare. Wadda aka fi sani a Anka da Gummi da Bukkuyum ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta zalla a 2015, masu cike fom da buga takardu ba sa rabo da ita. Yawancin kwamfutocinmu kuwa na hannu ne, daga Kano ko Sakkwato ko Gusau. Irinsu ne kan cije a tsakiya idan ana saka musu sabuwar Windows. Sai mai ita ya ce ta mutu, alhali sau da yawa matsalar ƙarama ce.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani filash na dabam. Saka Windows yakan share abin da ke ciki. Takardar makarantar ɗan wani idan ta tafi, ba haƙurin da zai dawo da ita.

Idan lambar da ke nuna ci gaban aiki a kan allo ta tsaya, kada ka yi garajen kashewa. Tsohuwar kwamfuta takan daɗe a lamba guda. Duba 'yar fitilar da ke nuna aikin faifan ajiya, in tana da ita. Muddin tana ƙiftawa, aiki na tafiya. Ba ta awa guda. In fitilar ta ɗauke kuma ba abin da ya motsa, to lallai ta maƙale.

Filash ɗin da ake saka Windows daga cikinsa ne abin zargi na farko. Ana bukatar mai gigabayit 8 ko fiye, kuma na gaske, don akwai jabu a kasuwa da ke nuna girman da ba shi da shi. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabayit 5. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, saukewar takan yanke, fayil ya zo da giɓi ba a sani ba. Sai an kai wurin giɓin aiki ya tsaya, kullum a lamba ɗaya. Wannan alama ce babba. Maganinta a samo lafiyayyen fayil, a sake shirya filash da manhajar Rufus, a kuma gwada wata ƙofar ta jikin kwamfuta. A cire firinta da duk abin da aka jona, ban da filash ɗin da caja.

Wani lokacin kwamfuta takan kashe kanta ta tashi, sai ka ga ta koma farkon aiki. Ba lalacewa ba ce. Daga filash ta sake tashi. Da zarar ta kashe kanta karon farko, zare shi, za ta ci gaba.

Sai wuta da zafi, kuma a nan ne yankinmu ya fi shan wahala. Kada a dogara da wutar NEPA idan batirin kwamfuta ya mutu. A tabbata akwai isasshen mai a janareta, ko sola ta cika. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki, bazara ta zo ta tarar da ita a toshe. Saka Windows aiki ne mai nauyi, kwamfuta takan yi zafi har ta ɗauke don kare kanta. A busa ƙurar. A ɗora ta kan tebur, ba kan katifa ko darduma ba. A ganina, bayan sallar asuba ya fi kowane lokaci dacewa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a duba ciki. Faifan ajiya mai ƙarar ƙas-ƙas ya kusa mutuwa, a canza shi da SSD. Idan RAM biyu ce, a cire caja da batir, a zare ɗaya a gwada da ɗayar. In allo ya ambaci GPT ko MBR, tsarin faifan ne bai dace da na filash ba, kuma a Rufus ake daidaita su.

Akwai kuma kwamfutar da lafiyarta ƙalau, Windows 11 ce ta fi ƙarfinta. Ita tana neman RAM gigabayit 4, ajiya gigabayit 64, da na'urar tsaro TPM 2.0 wadda tsofaffi da yawa ba su da ita. Windows 10 da ta gabace ta kuwa, Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025. Irin wannan kwamfuta kada a jefar da ita. Ana iya saka mata wata babbar manhajar, Linux Mint, kyauta ce, tana buga takarda, tana shiga intanet.

Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a fara da mai araha. In za a kai wa mai gyara, a ɗauki hoton rubutun da allo ya nuna da waya, a gaya masa lambar da ta tsaya da abin da aka riga aka gwada.