Tunawa da Mazan da Suka Faɗi, da Begen Salama

Karatu: 2 Sama'ila 2:12-32; 3:31-39

Duk mai fitowa daga Lugbe zuwa cikin birnin Abuja ta hanyar filin jirgin sama yakan wuce kusa da Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa. A nan aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya rasu a fagen daga a Malam Fatori ta Jihar Borno a watan Nuwamba 2016. A nan kuma aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris 2024. Kirista da Musulmi suna kwance a maƙabarta ɗaya, kowa kuwa ya bar iyali.

Kowace ranar 15 ga Janairu ƙasarmu takan yi bikin Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A dā ranar 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bayan wata 30 ana zub da jini. Ashe ranar da muke tunawa da matattu ita ce ranar da aka ajiye bindiga.

Karatunmu ma labarin yaƙin basasa ne, tsakanin gidan Saul da gidan Dawuda. A bakin tafkin Gibeyon samari 24 suka kashe juna, yaƙi ya ɓarke. Da rana ta faɗi, Abner ya yi kira ga Yowab ya hana mutanensa fafarar 'yan'uwansu, gama ƙarshen abin baƙin ciki ne. Yowab ya busa ƙaho aka tsaya. Da aka ƙirga, mutanen Dawuda 20 sun mutu, na wajen Abner kuwa 360.

Na ɗaya, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye yawan matattu ba, har ya ambaci Asahel da sunansa da wurin da aka binne shi. Mu ma mu riƙa ambaton namu da sunayensu a cikin addu'a.

Na biyu, girmama mamaci ba ramuwa ba ce. Yowab ya riƙe mutuwar ɗan'uwansa Asahel a zuciya, ya kashe Abner a Hebron bayan an riga an yi sulhu. Dawuda kuwa ya bi makarar Abner, ya yi kuka a kabarinsa, ko da yake tsohon abokin gābansa ne. Wannan ya kwantar da hankalin jama'a duka. Irin wannan hanya Janar Yakubu Gowon ya nema a 1970, sa'ad da ya sanar cewa babu wanda ya ci yaƙi, babu wanda aka ci.

Na uku, furen da aka ajiye a kabari ba ya ciyar da maraya. Yakubu 1:27 ta ɗora mana nauyin gwauraye da marayu. Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya su nemi iyalan sojojin da ke unguwarsu, su taimaka da kuɗin makaranta da na haya, ba tare da tambayar addini ko kabila ba.

Begenmu yana kan alkawarin Ishaya 2:4, na ranar da makamai za su koma kayan noma. Kafin ranar nan ta zo, aikinmu shi ne sulhu, daga cikin gida zuwa unguwa.

Tambayoyi domin iyali:
1. Me ya bambanta baƙin cikin Dawuda da na Yowab?
2. Wace magana muke yi a gaban 'ya'yanmu game da wasu kabilu?
3. Wane gidan soja za mu ziyarta a wannan wata?

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ba ƙasarmu salama. Amin.