Darasi: Gishirin Tukunya da Amanar Jiki

 

Kaɗan ne daga cikinmu ba su san wani dattijo ba wanda ya kwanta lafiya lau, gari ya waye ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Sau da yawa mukan ce iska ce ta buge shi, ko kuwa sammu aka yi masa. Likitoci kuwa, in sun auna, abin da suka fi samu shi ne hawan jini wanda ya daɗe yana ɓarna ba a sani ba, domin ciwo ne da ba ya yin sallama. Daga cikin abubuwan da ke rura shi akwai yawan gishiri: yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya matsa wa jijiyoyi, zuciya da ƙoda su yi ta wahala shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a yini, kimanin cokalin shayi guda ke nan, a dukan abincinsa daga karin kumallo zuwa tuwon dare. Mutanen duniya, a ƙididdigarta, suna cin fiye da ninki biyu na wannan. A 2013 ƙasashe suka ɗauki alkawarin rage kashi 30 cikin ɗari kafin 2025, sai rahoton hukumar na 2023 ya nuna an yi nisa da cika shi. Ingila ta gwada tun daga 2003, ta sa masu gasa burodi da kamfanonin abinci su riƙa ragewa sannu sannu, har mutane ba su ji bambanci a baki ba. Mu namu gishirin ba daga kamfani yake fitowa ba, daga hannun uwargida yake shiga tukunya. Saboda haka gyaran yana cikin gidajenmu.

A nan dole mu faɗa wa magidanta gaskiya. Mace ba ta cika gishiri don son ranta; tsoron maigida take yi, wanda zai ture akushi ya ce miya lami ce. Sai ta zuba gishiri, ta marmasa dunƙulen magi uku ko huɗu, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Ga yajin tsire da na kilishi, ga kanwa, wadda ita ma sinadarin da ke tayar da jini yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Al'adar nan har gobe tana nan a gidaje da yawa, kuma kakanni ne ke tsare da ita, su ya kamata a fara yi wa bayani cikin ladabi.

Wani zai ce ai ya ji hadisi cewa gishiri maganin cututtuka saba'in ne, a buɗe abinci da shi a rufe da shi. Mu sani malaman hadisi, irin su Ibnul Jauzi da Ibnul Ƙayyim, sun lissafa wannan magana cikin ƙagaggun hadisai. Bai halatta a jingina ta ga Annabi (S.A.W.) ba, balle mai hawan jini ya kafa hujja da ita. Abin da ya tabbata shi ne hanin wuce iyaka a ci da sha, kamar yadda yake a Suratul A'arafi, aya ta 31.

Ba haramta gishiri muke yi ba. Ni'ima ce, kuma kakanninmu sun ci arzikin ayarin Bilma da gishirin Foga. A rage shi kaɗan kaɗan, harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. In an sa magi a janye gishiri, a ƙara albasa, tafarnuwa, citta da daddawa. Kada a ajiye gishiri kusa da kwano. Ɗan abin da za a saya kuma ya zama mai sinadarin iyod, saboda maƙoƙo. Wanda ya kai shekara 40, ko mace mai ciki, su je likita a auna jininsu ko ba su jin komai. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bar shi don ya rage gishiri, sai likita ya ce.