Naman Kanti Da Mace Mai Ciki

Akwai wata cuta, siliyak, wadda alkama da sha'ir ke lalata hanjin mai ita. Likita Dicke na Holan ya bayyana wannan a 1950. In mai cutar ta sami ciki, haɗari biyu gare ta wajen yankakken naman kanti, kamar sosej. Na fari, akan cuɗa shi da garin alkama, dafuwa kuwa ba ta kawar da illarsa. Lalle a karanta takardar jikinsa. Na biyu, ƙwayar listeriya, wadda ke hayayyafa ko cikin firji, takan zubar da ciki. Sai a dafa naman har ya yi tururi, watau digiri 74 na santigired. Hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da ungozomomi wannan.