Darasi Na 14: Haske A Kan Teku

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A tsakiyar ƙarni na 19, wasu masu zane a Amurka sun shahara da zana gaɓar teku. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne haske: yadda yake sauka a kan ruwa da asuba, da yadda yake dushewa da almuru. Sai a shekarar 1954 wani masani, John Baur, ya raɗa wa salon nasu suna Luminizim, wato salon haske.

Ɗaya daga cikin gwanayen wannan salo shi ne Fitz Henry Lane. An haife shi a 1804 a Gloucester, wani garin masunta a jihar Massachusetts. Tun yana ƙarami ƙafafunsa suka shanye, ya rayu yana dogara sanduna. Bai iya bin masunta cikin teku ba, amma ya ƙura wa jiragensu ido har ya san kowace igiya da ke jikinsu. Ya rasu a 1865.

A 1863 Lane ya zana jiragen dakon katako a mashigin ruwan Penobscot da ke jihar Maine. Yamma ta yi, sama ta yi ja-ja, ruwa ya kwanta luf kamar madubi. Jiragen da iska suke tafiya, ga shi kuma iska ta tsaya, saboda haka sai jira. A wannan shekara kuwa Amurka tana tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865. Ana zubar da jini a fagen fama, shi kuwa mai zane ya nuna wa mutanensa wurin da babu ko motsi. Zanen yana Washinton a yau, a gidan adana zane-zane na ƙasa.

Idan ka sami irin wannan zane, kada ka yi gaggawa. Fara da layin da sama ta haɗu da ruwa. Galibi za ka gan shi can ƙasa-ƙasa, don sararin sama ya sami fili. Daga nan nemi inda haske yake fitowa, ka bi shi har inda ya ɓace. Matso kusa kuma: da wuya ka ga sawun buroshi, domin mai zanen ya shafe shi don kada hannunsa ya shiga tsakaninka da hasken. A ƙarshe dubi mutane da jirage, ka ga ƙanƙantarsu a gaban faɗin teku. Mai sauri ba ya ganin komai a nan sai ruwa da sama.

Sababbin Kalmomi
Almuru: lokacin da rana ta faɗi, duhu bai gama shiga ba.
Masunci (jam'i: masunta): mai sana'ar kamun kifi.
Mashigin ruwa: wurin da teku ya kutsa cikin ƙasa.
Luf: a kwance, babu motsi.

Tambayoyi
1. Wane ne ya raɗa wa wannan salo suna, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa jiragen suke jira?
3. Don me mai zane yake ɓoye sawun buroshi?
4. A ganinka, me zane mai natsuwa zai yi wa mutanen da ke cikin yaƙi?

Aiki
Je bakin kogi ko tafki da yamma. Rubuta jimloli biyar a kan launin sama da na ruwa.